Ɗana Ya Daina Cin Yankan Mahaifinsa, Baffanninsa Sun Ce A Kore Shi

Wata baiwar Allah ce daga Marwa a ƙasar Kamaru ta aiko da wannan wasiƙa, 'yarta ta rubuta mata a waya, na kuma taƙaita ta kamar haka:

"Assalamu alaikum, Malam. Ɗana na fari yana da shekara 23. Ya ci bakaloriya, wato jarrabawar kammala sakandare, ya zauna jarrabawar neman aikin gwamnati sau biyu bai dace ba, sai mahaifinsa ya saya masa babur yana haya da shi. Shekara biyu ke nan kullum bayan sallar isha'i yana zama da wasu samari, suna dafa shayi suna karatun addini, kuma suna da zaurensu na WhatsApp. Da farko su kusan ashirin ne, har da 'ya'yan maƙwabta, yanzu ba su fi bakwai ba. Mun yi murna a lokacin, domin ya bar yawon dare ya kama salla. Sai ya daina zuwa Maulidi, muka ƙyale shi. Sai ya daina bin limamin unguwarmu. Da kakarsa ta rasu, wadda ta goya shi, ya ƙi zama wurin addu'ar bakwai. Yanzu wata uku ke nan duk ranar da aka yi yanka a gida na aika masa da kwano, sai ƙanwarsa ta dawo da shi ko buɗewa bai yi ba, wai yankan mahaifinsa bai halatta gare shi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce baffanninsa suka taru a zaure don a san yadda za a yi masa faɗa, amma kafin la'asar magana ta koma ko a kore shi daga gidan ko a kai sunansa wurin jandarma. Maigida ya nemi a ba shi mako biyu. Ni ko sunan yaron nan ba na kira, balle in zaunar da shi. Malam, asiri aka yi masa, ko wani abu suke ba shi a shayi? Kuma in bar su su kore shi?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa ta huta, ke kuma ya yaye miki wannan damuwa. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin ita ce mai wa'adi: kada ki goyi bayan korarsa, kuma bisa abin da kika bayyana zuwa yanzu ban ga dalilin kai sunansa wurin jandarma ba. Sai dai ba zan rarrashe ki da cewa ƙuruciya ce za ta wuce ba. Saurayin da ya kai ga haramta wa kansa yankan mahaifinsa, ko ya furta ko bai furta ba, ya fara fitar da uban nasa daga Musulunci a zuciyarsa, kuma mu mutanen jihar Arewa Mai Nisa mun ga inda irin wannan hanya take ɓullewa.

Maganar asiri da shayi ta daɗe tana yawo tun lokacin da yaranmu suka fara ɓacewa zuwa daji, kuma na fahimci abin da ya sa iyaye suke riƙe ta, domin ta fi sauƙin haɗiyewa a kan a ce ɗanka da hankalinsa ya juya maka baya. Amma bayanin da ke cikin wasiƙarki ya ishe ni, ba sai an nemo boka a cikin lamarin ba. Kin ce su ashirin ne suka koma bakwai, kin kuma jero yadda abin ya riƙa hawa, daga Maulidi zuwa liman, daga liman zuwa kwanon abinci. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa idan mutanen da ra'ayinsu ya riga ya karkata gefe guda suka keɓe suna tattaunawa su kaɗai, gaba suke ƙara yi zuwa gefen da suka karkata, har kowannensu ya tashi da ra'ayin da ya fi wanda ya zo da shi zafi.

A shekarar 1969 wasu masana biyu a Faransa, Serge Moscovici da Marisa Zavalloni, sun gwada wannan da ɗaliban sakandare a birnin Paris. Sun tambayi kowane ɗalibi shi kaɗai ra'ayinsa game da shugaban ƙasarsu Janar Digol da kuma game da Amurkawa, sai suka tarar yawancinsu suna ɗan son Digol, suna kuma ɗan ƙyamar Amurkawa. Daga nan suka zaunar da su rukuni-rukuni su tattauna, sannan suka sake tambayarsu, sai ga son nan ya ƙara ƙarfi, ƙyamar nan ma ta ƙara tsanani, alhali ba a kawo musu wani malami daga waje ba, junansu kawai suka saurara. An maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da dama, a kan siyasa da launin fata da hukuncin kotu, kuma sakamakon yana yawan fitowa iri ɗaya. Na kawo miki wannan ne don ki san cewa abin bai keɓanta da Musulmi ko da talaka ba, kuma ba ya nuna cewa ɗanki mahaukaci ne ko mugu. Haka ɗan Adam yake idan ya daɗe a taron da babu mai ce masa a'a.

Ki kwatanta zaman nasu a ranki. Samari bakwai a kan tabarma, butar shayi a kan gawayi, an jingine babura a jikin bango. Wani ya ce addu'ar bakwai ba ta da asali. Kowa a wurin ya riga ya yarda da haka, saboda haka duk hujjar da za a kawo ta goyon baya ce: wannan ya kawo hadisin da ya ji, wancan ya kunna muryar wani mai wa'azi da aka turo masa. Ɗanki ya zo da hujja biyu, ya koma gida da bakwai, dukkansu suna nuna hanya guda, kuma bai ji ko ɗaya daga cikin amsoshin da malaman ɗaya ɓangaren suke bayarwa ba. A ganinsa ilimi ne ya ƙaru, alhali rabin littafin aka karanta masa. Ga kuma abin da ya fi wannan ƙarfi, wato neman girma a idon abokai. A majalisar da ake auna mutum da tsananinsa a kan bidi'a, wanda ya ce "ni dai ba zan je ba, amma ba zan zagi masu zuwa ba" shi ne na baya, wanda kuwa ya ce "ni ko ta'aziyya ban tsaya ba" shi ake jinjina wa. Kafin a sha shayi na uku, abin da jiya ake kira tsanani ya zama ruwan dare, sai wani ya ƙara taku ɗaya don ya zarce 'yan'uwansa. Kuma duk lokacin da mutum ya faɗi abin da yake ɗan shakka a kai, ya ga mutum shida suna gyaɗa kai, shakkar takan narke ta bar shi da yaƙinin da bai samo daga karatu ba.

Wannan hali bai ɓuya ga Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bukhari ya ruwaito daga Anas labarin mutum uku da suka je gidajen matan Annabi suna tambayar yadda yake ibada, da aka faɗa musu sai suka ga kamar ta yi kaɗan. Ɗaya ya ce shi zai riƙa raya dare da salla har abada, na biyu ya ce shi zai yi ta azumi ba hutu, na uku ya ce shi ba zai taɓa yin aure ba. Mutanen kirki ne masu neman alheri, amma ki lura da yadda kowanne ya ɗora a kan maganar ɗan'uwansa. Annabi ya same su da kansa, ya gaya musu cewa ya fi su tsoron Allah, duk da haka yana azumi yana hutawa, yana salla yana barci, yana kuma aure. Maganin da aka yi musu shi ne murya ta huɗu, ta wanda suke girmamawa, wadda ta shigo musu daga waje.

Lissafin nan na ashirin zuwa bakwai shi ya fi tsaya mini a rai. Waɗanda suka fita su ne masu sassauci, da magana ta fara zafi suka ga ba za su iya ba, suka zame shiru. Duk wanda ya fita ya tafi da "amma" ɗinsa, ya bar majalisar ga waɗanda suka fi shi zafi, kamar yadda ruwa ke ƙonewa a tukunya gishiri ya ƙara fitowa. Zauren WhatsApp yana hanzarta wannan tacewa, domin a can wanda ya cika tambaya mai kula da zauren yana cire shi nan take, kuma zaman ba ya tashi: majalisar da a zamaninmu take watsewa idan dare ya raba, yanzu tana cikin aljihun yaro, tana bin sa har kan babur, har kan shimfiɗa. Ki haɗa da halin da yake ciki, mai bakaloriya da ya ƙwanƙwasa sau biyu ba a buɗe masa ba, yana yini cikin rana da ƙura don sefa ɗari da ɗari biyu. A cikin gari shi ɗan haya ne kamar sauran, a cikin bakwai ɗin nan kuwa yana daga cikin 'yan ƙalilan da suka gane gaskiya, kuma da wuya mutum ya rabu da wurin da ake ba shi irin wannan daraja.

Yanzu zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa Alhaji maigidanki da 'yan'uwansa daɗi ba, da fatan za su yi mini uzuri. Sun shiga zaure don a san yadda za a yi wa yaro faɗa, sun fito da maganar kora da jandarma. Wane sabon laifi ya yi tsakanin saukowa daga Juma'a da la'asar? Dattawa ne masu ra'ayi ɗaya, dukkansu ransu a ɓace, kowa ya kawo labarin rashin kunyar da ya gani, wani ya tuno ɗan wane da ya fara da haka ya ƙare a Sambisa, kuma babu wanda yake son a ce shi ne mai sanyi a kan mutuncin gidan. Ciwon da ya kama majalisar yara shi ya leƙo zauren manya. Ban faɗi haka don in daidaita uba da ɗan da ya saɓa masa ba, domin hakkin Alhaji aka taɓa, kuma fushinsa yana kan hanya. Na faɗa ne don hukuncin da ya fito daga irin wannan zama ya cancanci kowa ya sake duba shi shi kaɗai bayan zuciya ta huce. Ni kaina na taɓa zama a taron dangi da aka shiga da niyyar sasanta wata 'yarmu da mijinta, aka tashi an aika a kwaso kayanta, kuma da na bi waɗanda suka halarta ɗaya bayan ɗaya daga baya, ban sami mutum biyu da suka baro gida da wannan niyya ba. Alhaji ya yi hikima da ya nemi mako biyu.

A yau gidanku shi ne wuri na ƙarshe da ɗanki yake jin wata murya dabam: gyaran muryar mahaifinsa da asuba, tsokanar ƙannensa, kwanon da kike aikawa ko da zai mayar da shi. Ranar da aka fitar masa da kaya, a ɗakin ɗaya daga cikin bakwai ɗin zai kwana, su za su zama uwarsa da ubansa, kuma za su ce masa ka gani, dama masu riƙo da gaskiya baƙi ne, danginsu ma korarsu suke yi. Kun ba su ke nan hujjar da ba su da ita. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wanda bai gama ruɓewa ba.

Maganar jandarma ta fi wannan nauyi. Tun Disamban 2014 Kamaru take da dokar yaƙi da ta'addanci wadda take kai wanda ake tuhuma kotun soja, hukuncinta kuma yana iya kaiwa ga kisa, saboda haka ba abin da ake ɗauka ba ne don a tsorata yaro. A 2017 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa binciken da ta gudanar a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Kamaru da Nijeriya, inda ta zanta da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyin ta'adda da ƙafarsu. Kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani mataki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Kashi 57 kuma sun amsa cewa fahimtarsu ga nassoshin addini kaɗan ce ko ma babu. Adadi na farko yana gargaɗinmu game da gaggawa, na biyu yana nuna mana cewa yaron nan ƙarin karatu yake bukata, a hannun wanda ya fi abokansa sani.

A nan dole in yi wa yaron adalci. Saɓani a kan Maulidi da addu'ar bakwai tsoho ne tsakanin malamai, kuma a Marwa da Garwa da Ngaundere akwai bayin Allah masu yawa da ba sa yin ko ɗaya daga ciki, suna zaune lafiya da iyayensu 'yan ɗariƙa, suna cin abinci kwano ɗaya. Idan kuka sa wa ranku cewa sai ya dawo Maulidi sannan ya shiryu, kun ɗauko yaƙin da ba za ku ci ba. Iyakar da ya tsallake ita ce ta kafirta Musulmi da yanke zumunci. Annabi ya yi gargaɗi cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu, kuma a aya ta 15 ta Suratu Luƙman, ko iyayen da suke matsa wa ɗansu ya yi shirka an ce kada ya bi su a kan haka, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Ina ga uba mai salla biyar?

Wannan iyaka ce Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, ya tsallake bayan ya bar garin nan ya tara mabiyansa a unguwar 'Yan Awaki a Kano suna tsine wa sauran Musulmi, har rikicin Disamban 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000. Mabiya Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a Maiduguri ma da wa'azi da keɓewa suka fara kafin 2009, kuma malamai irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, waɗanda su ma ba sa Maulidi, sun yi ta jan kunne a kansu. Ƙarshen abin ya zo mana har gida, da hare-haren da aka kai a masallacin Fotokol cikin Fabrairun 2015, da babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare ranar 22 ga Yulin 2015.

Tun farkon Musulunci aka ga irin wannan, aka kuma ga yadda ake tunkararsa. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan hijira, dubban mutane daga rundunar Sayyidina Ali suka ƙi yarda da naɗa mutane su yi sulhu, suka ware suka sauka a Harura kusa da Kufa. Masu yawan salla ne da karatun Alƙur'ani, amma keɓewar nan ta kai su daga cewa Ali ya yi kuskure zuwa cewa ya kafirta, daga nan zuwa halatta jinin duk wanda bai bi su ba. Kafin a kai ga takobi, Abdullahi ɗan Abbas ya nemi izini ya je ya same su har masaukinsu. Ya gaya musu cewa daga wurin sahabban Annabi yake, waɗanda Alƙur'ani ya sauka a gabansu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a tare da su. Sannan ya tambaye su abin da suke tuhumar Ali da shi, ya bar su suka jero abubuwa uku, ya tabbatar babu saura, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Littafin da suke riƙe da shi. A kan naɗa masu sulhu, ya karanta musu ayar Suratun Nisa'i da ta ce a naɗa mutum daga dangin miji da mutum daga dangin mata, ya tambaye su ko jinin Musulmi bai fi wannan cancantar sulhu ba. Ruwaya ta ce dubu biyu daga cikinsu suka dawo.

Saboda haka aikin mako biyun nan shi ne ku nemo wanda zai tsaya muku a matsayin ɗan Abbas. Kada a kawo masa limamin unguwa ko shehin ɗariƙar Alhaji, komai iliminsu, domin ya riga ya toshe kunne daga gare su. A nemo malami mai zurfin karatu daga ɓangaren da yaron yake jingina kansa, wanda shi ma ba ya zuwa Maulidi amma yana cin yankan maƙwabcinsa Batijjane, yana kuma sallatar gawarsa. Ya zauna da shi su biyu, ban da baffanni, ban da abokai, domin saurayi ba ya janye magana a gaban waɗanda yake neman yabonsu. Ya tambaye shi hujjarsa, ya saurara har ƙarshe, kuma kada a sa ran zama ɗaya zai wadatar. Babban rabo shi ne malamin ya ja shi zuwa karatu na tsari, littafi daga bango zuwa bango, a cikin ɗalibai masu yawa, inda zai riƙa jin Malik ya ce kaza, Shafi'i ya ce kaza, kuma babu wanda ya kafirta wani.

A nemo kuma 'ya'yan maƙwabtan nan da suka bar majalisar. A shekarun 1950 Solomon Asch a Amurka ya riƙa zaunar da mutum a cikin taron da aka shirya su ba da amsar da ido yake ganin kuskure ce game da tsawon layuka a kan takarda, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin suka bi taron; amma da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi daidai, bin taron ya ragu ƙwarai. Yaran nan sun san abin da ake faɗa a ciki, sun san mai jan ragama, kuma a cikinsu ba za a rasa wanda ɗanki yake jin nauyinsa tun suna makarantar allo ba. A roƙe shi kada ya yanke abota, ya riƙa tsayawa wurinsa a tashar babura, ya ja shi ɗaurin aure da suna.

Sai kuma ke, Hajiya. Na san kunyar ɗan fari, kuma ba zan ce ki yar da al'adar da kika gada ba. Amma kakar da take tsaya miki, wadda take kiran sunansa ta yi masa wasa ta kuma yi masa faɗa, Allah ya karɓi abarsa, gurbinta kuma yana nan babu kowa. Idan yana da kawun da yake sakewa da shi, a kira shi ya zo ya kwana biyu. Idan babu, ki daure ki shiga ɗakinsa da kanki ko sau ɗaya a mako, ba don muhawara ba. Ki tambaye shi cinikin yau, ki ce ya kai ki kasuwa ko dubiya a babur ɗinsa, ki ɗora masa wani abu daga kuɗin makarantar ƙanwarsa, domin yaron da ake bukata a gida yana da wuyar janyewa. Ki gaya masa sau ɗaya, a fili, cewa mayar da kwanon nan yana ƙona miki rai, sannan ki bar maganar ta yi aikinta. Alhaji kuma ya kafa sharaɗin zama a gidansa, yana da wannan iko: ba a kiran kowa mushiriki a cikin gidan nan, kuma ba a kawo baƙon da ba a sani ba ya kwana. Maganar sana'a ma a duba ta da gaske, in da hali a haɗa shi da ɗan kasuwa mai zuwa Garwa ko Kusiri, inda zai yini yana hulɗa da mutane iri-iri.

Akwai alamomin da idan suka bayyana, duk abin da na faɗa game da jinkiri ya faɗi. Idan ya fara maganar hijira ko yabon mutanen daji, ko aka ga bidiyon yanka ko na mubaya'a a wayarsa, ko kuɗin da ba na haya ba suka fara shigo masa, ko ya sayar da babur ba dalili, ko ya fara kwanaki ba a san inda yake ba, ko ya zo yana neman gafararki kamar mai ban kwana, to a ranar Alhaji ya tafi wurin jauro ko lawan tare da malamin nan, a sanar da hukuma ta hannunsu, da shaidu, a kuma nemi lauya tun daga farko. Idan an kai nan, rayukan bayin Allah ne a gaba, har da ran shi kansa yaron, kuma ɓoye shi cutarwa ce. Ƙanwarsa ta buɗe ido, amma kada a sa ta binciken wayarsa a ɓoye, domin in ya gane ita ma zai rufe mata ƙofa.

Kafin wa'adin ya cika, ki roƙi Alhaji ya bi 'yan'uwansa ɗaya-ɗaya a gidajensu maimakon ya sake tara su a zaure, ya fara da wanda ya fi yin shiru ranar Juma'a, domin ina kyautata zaton akwai abin da ya haɗiye. In za a sake zama, a gayyato kawun yaron da malamin. Kwanon kuwa ki ci gaba da aikawa. Tunda nama yake mayarwa, ki zuba masa tuwo da miyar kuka ko kifin Maga, wanda ba ya bukatar yanka. Hakan bai zama kin amince da hukuncinsa ba, maganar yanka malami ne zai warware ta. Ki ba ƙanwarsa ta kai, ta zauna har ya ci. Bayan malamin ya gana da shi ki sake rubuto mini abin da yaron ya kawo a matsayin hujjarsa, daga nan za mu san nisan da ya yi.